Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin Damagaram: mu ma 'yan haya ruwa ya ci mu

Zuwa ga Mai girma Gwamnan jihar Zinder, da shugaban riƙo na birnin Zinder da masu taimaka masa a da'irori biyar na cikin gari, da Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, da iyayenmu masu unguwanni da limamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, muna yi wa juna jaje kan abin da Allah ya ƙaddara mana a daminar 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, waɗanda suka yi asara ya mayar musu da mafi alheri.

Ni tela ne, ina haya a Garin Malam ni da iyalina. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba, mun zauna ne a fadarmu bayan isha'i mu da maƙwabta 'yan haya, akwai ɗan kabu-kabu akwai malamin lakwal akwai masu ƙaramin tebur a kasuwar Dole, matanmu ma sun aiko da tasu maganar, aka ce tunda ni ne mai ɗan saurin rubutu a waya in rubuta a madadin kowa. Kuma na san abin da zan faɗa ba a unguwarmu kaɗai yake ba, muna da 'yan uwa a Kara-Kara da Tudun Jamus da Sabon Gari da Zango, kukan ɗaya ne.

Ba sai na tsaya ba ku labarin ruwan ba, kun fi mu sanin lissafi, a ƙasa baki ɗaya an ce sama da mutum 300 suka rasu, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan 1, kuma jiharmu tana cikin inda abin ya fi tsanani. Ranar Talata 3 ga Satumba duk mun ga bidiyon tsohon masallacin unguwar Birni yana zubewa, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, mutane na salati. To ranku ya daɗe in masallacin da duk gari ke ji da shi ya kwanta, ina ga ɗakin haya da ya yi shekara da shekaru bai ga yaɓe ba. Mun ga kun zaga, mun ga an raba hatsi da tabarmi da barguna, an buɗe azuzuwa mutane suka fake, har aka ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda haka. Mun gode, Allah ya saka. Amma akwai wani rami da aka tsallake, kuma mu ne a cikinsa.

Kuka na farko shi ne rubuta suna. Da masu rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna suka shigo gidan da nake, tambayarsu ɗaya ce, ina mai gida? Gidan nan ƙofa shida ne, kowace ƙofa da tukunyarta da yaranta, ɗaki uku suka faɗi, mai gidan kuwa ba ma a unguwar yake zaune ba. Aka kira shi a waya ya zo, aka rubuta sunansa, gida ɗaya suna ɗaya, aka wuce. Shi bango ya rasa, gaskiya ne kuma asara ce ba mu raina ta ba. Amma wanda katifarsa ta jiƙe ta ruɓe, buhun hatsinsa ya tsiro a cikin ɗaki, kwanukan matarsa da takardun haihuwar yaransa suka shige ƙarƙashin ƙasa, shi ba a san da zamansa ba. Wata baiwar Allah a gidan namu mijinta ya rasu, da injin markaɗe take ciyar da marayu, azara ta faɗo ta danne injin, da ta je wajen rabo aka duba takarda aka ce mata ai an riga an ba gidanku. Wane gidan? Ta dawo da buhunta a ninke a hammata. Ba na cewa ko'ina haka aka yi, akwai unguwannin da masu unguwa suka tsaya tsayin daka aka rubuta kowa, amma bai kamata haƙƙin talaka ya rataya ga sa'ar wane mai unguwa ya samu ba.

Na biyu, ranar da aka ce a fita daga azuzuwa. Ba mu ja da wannan ba, yaranmu ne za su shiga ajin, dole karatu ya ci gaba. Sai dai a duba bambancin. Mai gida ko gidansa ya zama tsibin ƙasa yana da inda zai koma, zai share gefe ɗaya ya kafa rumfa da zana ko tamfol, ya kwana a kan filinsa babu mai ce masa tashi, in ƙasa ta bushe ya fara buga tubali a hankali da ƙasar tsohon bangon ma. Ɗan haya fa? Ɗakin da ya faɗi ba nasa ba ne, filin ba nasa ba ne, in ya ce zai kafa rumfa a tsakar gidan sai mai gida ya ce a'a zan zuba yashi a nan. Shi ya sa za ku ga iyali guda an rarraba su, uwa da ƙananan yara an tura su ƙauye wajen dangi, manyan 'yan mata suna gidan goggo, maigida yana kwana a shago ko a zauren wani. Yaron da aka kai ƙauye a tsakiyar shekara karatunsa ya tsaya kenan, kuma ba wanda zai rubuta wannan cikin asarar ambaliya.

Na uku kuma shi ne ya fi ci mana rai, kuɗin haya. Ɗakuna sun ragu masu nema sun ƙaru, wannan ko yaro ya sani, kuma ginin ƙasa ba a yin sa a damina, sai ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe a buga tubali ya sha rana, ga magina sun yi tsada kowa na nemansu, kenan ƙarancin nan ba na sati biyu ba ne, zai kai mu har wata daminar in ba a yi wani abu ba. A wannan tsakanin ne wasu suka ga kasuwa ta buɗe. Ni ciki da falon da nake biya jikka 15, wata bai ƙare ba aka aiko yaro ya ce daga wata mai kamawa jikka 25 ne, in ba zan iya ba akwai mai so har ya kawo abansi. Ko cokali ɗaya na siminti ba a ƙara wa ɗakin ba, tsagar da ke bangon gabas tana nan hannuna na shiga ciki, na toshe ta da tsummokaran shago saboda sanyi. Kuma wallahi na yarda akwai mai so ɗin, don wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, mutumin da matarsa ke kwana a waje cikin wannan hunturu zai ci bashi ya biya ko nawa ne. Sai a fitar da ni a sa shi, ni kuma in je in ƙara kuɗi a kan ɗakin wani a fitar da shi, haka za mu yi ta ture juna har a kai kan wanda ba shi da ko dala, shi ne zai ƙare a kango.

Ga kuma maganar abansi. Da wata ɗaya ko biyu ake nema, yanzu wasu sai su ce wata shida a dunƙule, wasu shekara, ga kuɗin dillali, kai har kuɗin ganin ɗaki sai ka biya kafin a buɗe maka ƙofa ka leƙa, in bai yi maka ba kuɗinka sun tafi. Ɗan kabu-kabu da ke kai wa mai babur balas kullum ina zai ga kuɗin wata shida a lokaci ɗaya? Masu albashi mai kauri da baƙin da aiki ya kawo gari su ke iya wannan, ba laifinsu ba ne, amma su ake riƙe wa ɗakunan. Ɗaliban jami'ar André Salifou da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki su huɗu su biyar su ma abin ya taɓa su, iyayensu manoma ne a ƙauyukan da ruwan ya cinye wa gonaki.

Akwai wata dabara kuma da ta yi yawa yanzu, wato zan yi gyara. Mai gida zai zo da fuskar tausayi ya ce ginin nan ba shi da aminci, ku ɗan fita in gyara kar ya faɗo muku. Wa zai ƙi? Ka kwashe kayanka ka raɓa wani wuri, a yi yaɓe a shafa farar ƙasa a canza ƙyaure, ka dawo ka tarar da labulen wani a ƙofar. In ka yi magana a ce ai kai ka fita da ƙafarka. Mafi yawanmu ba mu da takarda, haya a garin nan da baki ake yin ta, mun yarda ka yarda, shaidarka Allah sai dillali, resi ma ba kowa ke bayarwa ba. Saboda haka yanzu mutane sun gwammace su kwana ƙarƙashin rufin da ke zubar da ƙasa da su ce a gyara, don sun san kalmar gyara sallama ce. Ranku ya daɗe wannan shi ne zai kashe mutane a damina mai zuwa, ba yawan ruwa kaɗai ba.

Sannan waɗanda suka biya abansi ɗakin ya faɗi, kuɗinsu fa? Maƙwabcina ya biya wata uku ana saura kwanaki ruwan ya zo, da ya nemi a mayar masa da ragowar ya kama wani wuri aka ce masa ruwan Allah ne ba mai gida ya aiko shi ba. To shi ɗan hayar ne ya aiko shi? Mun tambayi malamai, sun ce kuɗin haya kuɗin amfani ne, in ɗaki ya rushe amfani ya yanke, abin da ya rage na mai shi ne a mayar masa. Wannan ba sabon hukunci ba ne yana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garin nan, aiki da shi ne babu.

Kar a ce mun zo cin mutuncin masu gidaje. Wallahi akwai na kirki, na san wani dattijo a Zango da ya ce wa 'yan hayarsa kar wanda ya kawo masa ko dala sai bayan wata uku, akwai wanda ya buɗe zaurensa da garejinsa ya zuba mutanen da bai ma sani ba. Kuma da yawa masu gidan hayar nan ba attajirai ba ne, gwauruwa ce da ɗaki uku da miji ya bar mata, ko magada goma da ke raba jikka 30 a wata, su ma bangonsu ya faɗi kuma ba su da abin tayarwa. In an matse su ba a taimake su ba, sayar da filin za su yi wa mai kuɗi, shi kuma ya rushe ya yi ginin siminti mai get wanda ba ɗayanmu da zai iya shiga. Mun san da wannan, shi ya sa roƙon namu ya haɗa da su.

Ga abin da muke roƙo, Allah ya taimake ku.

Mai girma Gwamna, a sake zagayen rubuta suna, a wannan karon a bi ƙofa ƙofa, duk inda ake ɗora tukunya daban a rubuta shi daban, a tambayi mutum haya kake ko gidanka ne, a ware taimakon gini ya tafi ga mai gini, na abinci da shimfiɗa da ɗan jari ya tafi ga wanda ke kwana a ɗakin. Mai unguwa da limamin masallacin layi sun san kowa, ba abu ne mai wuya ba. Kuma wanda takardunsa suka lalace a sauƙaƙa masa sake su, don ba takarda ba a karɓar yaro jarrabawa.

Muna roƙon a fitar da sanarwa a rubuce, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci, cewa daga yanzu har ƙarshen damina mai zuwa ba ƙarin kuɗin haya a kan wanda yake cikin ɗaki tun kafin ruwan, kuma ba a fitar da kowa sai an bi ta gaban hukuma an ba shi wa'adin da mutum zai iya neman wani wuri. Ba mu ce a zauna kyauta ba, wanda ke da hali ya biya abin da ya saba biya, wanda ruwa ya karya wa sana'a a yi masa jinkiri a raba masa bashin kaɗan kaɗan, Allah da kansa ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yana cikin Baƙara aya ta 280. A sa iyaka ga abansi kar ya wuce wata biyu ko uku, a hana kuɗin ganin ɗaki. Ƙasar nan tana da dokar haya tun 1996, amma ku tambayi mutum goma a kasuwar Dole me ke cikinta ku ji, a fassara mana ita a bayyana a rediyo mai gida ya san iyakarsa ɗan haya ya san tasa.

Maganar gyara kuma a ɗaure ta da sharaɗi. Duk mai gidan da zai fitar da mutum don gyara a rubuta a gaban mai unguwa, wata nawa aikin zai ɗauka, kuma wanda ya fita shi ke da haƙƙin komawa kafin kowa, in za a yi ƙari saboda abin da aka kashe a yi shi a gaban shaidu daidai gwargwado. Gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin 100 a watan Oktoban 2024 don mutane su samu su sake gini, mun yi murna, amma mu ba mu da bangon da za mu shafa wa simintin, hanya ɗaya da rangwamen nan zai iso gare mu ita ce in wanda ya gyara gidan haya da shi bai juyo ya ninka mana kuɗi ba. In akwai wani taimakon kayan gini da za a ƙara bayarwa a fara da ƙananan masu gidajen haya, gwauraye da magada, bisa alkawarin za su mayar da mutanensu a tsohon farashi na wani lokaci. Ɗaki ɗaya da aka tayar a irin gidajen nan iyali guda ne aka ɗauke daga kango.

Shugaban birni, ku kuma muna roƙon ku turo masu sanin gini su zaga gidajen haya tun yanzu da rani, kar a jira hadarin farko. Su duba gindin bango inda ruwa ke ci, su duba azara da indararo da shaddar da ta burma, wanda ya zama haɗari a sa masa alama a ba mai shi wa'adi. Ɗan haya ba zai iya kai ƙarar ɗakin da yake ciki ba, kun ji dalili a sama, sai dai hukuma ta gani da idonta. A yashe magudanan ruwa da leda da yashi suka toshe, don unguwannin da ke gangare kusa da tabkuna su ne masu arhar haya, su ne kuma ruwan da ya gangaro daga duwatsu ke tarar wa, talaka ba son bakin tabki yake ba kuɗinsa ne suka kai shi can. In kuma za a ba da filaye ga waɗanda za a tayar daga hanyar ruwa, a tuna da 'yan haya ko da biya kaɗan kaɗan ne, kuma don Allah kar a kai mutane bayan gari inda ba famfo ba lakwal a ce an taimake su, kowa ya san yadda ruwan sha yake a Damagaram in bazara ta yi, mai sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa a can nesa abin da zai kashe ya fi kuɗin hayar da ya gudu.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya. Maganarka tana shiga inda takardar hukuma ba ta shiga. Mai gidan da zai yi kunnen uwar shegu da sanarwar rediyo ba zai iya haɗa ido da mai unguwarsa ba in ya san umarni daga fada ya fito. Muna roƙon a umarci masu unguwanni kowanne ya zauna da liman da dattijo ɗaya daga masu gidaje da ɗaya daga 'yan haya, rana ɗaya a sati, duk rigimar haya a fara kawo ta nan kafin a kai kamisariya ko gaban alƙali, don talaka in ya ji an ce kamisariya ko shi ke da gaskiya kwashe kayansa yake yi cikin dare. A wajen zaman nan ne za a mayar wa mutane ragowar abansinsu. A samar da 'yar takardar haya mai shafi ɗaya, da boko da ajami, suna da kuɗi da ranar biya da wa'adin tashi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, mai unguwa ya ajiye ɗaya. Limamai kuma su taɓa maganar a huɗubar Juma'a, da sunanta, haya da abansi da korar mutane cikin sanyi, ba a dunƙule cikin a ji tsoron Allah kawai ba.

In kuna son ganin abin da muka faɗa da idonku ba sai an yi shiri ba, ku aiko wakili bayan magariba ya bi layukan Garin Malam ko Kara-Kara ya leƙa kangaye da shagunan da aka rufe, ya tambayi waɗanda ke shimfiɗa a ciki ina suke kwana kafin watan Agustan 2024. A shirye muke mu zo duk inda kuka kira mu, mu da masu gidajen namu, a zauna a yi magana ido da ido.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka ba mai ɓarna ba. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani tela ɗan haya a Garin Malam, a madadin maƙwabtansa 'yan haya na birnin Zinder.